Me zan gaya wa iyaye kan kayan ledar nan?

Maman Nafisa: Salamu alaikum 'yan zaure. Ran Asabar akwai taron iyaye a lakwal ɗin ƙanananmu nan Tawa, an ce ni zan yi magana kan biskit da lemun leda da taliyar minti biyu da yara ke ci. Ta ina zan kama? Ban son su ji kamar faɗa nake musu.

Malama Hajo: Wa alaikumus salam. Kar ki fara da dogon bayani. Ki je butik ki sayo lemun kwalba na 33 cl, ki jera ƙwayar sukari 7 a gefensa bisa faranti. Kusan giram 35 ke ciki. Sai ki tambaye su wa zai iya miƙa wa ɗan shekara uku sukari bakwai ya ce tauna. Hukumar lafiya ta duniya, OMS, ta ce babba ma in ya tsaya wajen giram 25 na sukari a yini ya fi masa, balle yaro.

Baban Sadiƙu: To amma Malama, cukunmu da kilishi da ƙuli-ƙuli ai duk sarrafa su aka yi. Su ma sun shiga laifin?

Ungozoma: A'a Baban Sadiƙu. Wani malamin jami'ar Sao Paulo ta Barazil, Carlos Monteiro, shi da abokan aikinsa suka fara kasa abinci kashi-kashi tun 2009, tsarin da yanzu ake kira NOVA mai aji huɗu. Gero, wake, nono, ƙwai suna ajin farko. Mai, gishiri, sukari na biyu. Cuku da kilishi irin na uku ne: abincin da ka sani, an shanya ko an sa masa gishiri don ya daɗe. Na huɗun shi ne wanda injin ya haɗa da kayan da babu su a madafar kowa, su launi, ƙamshin ƙarya, sitaci da aka canza. Juya ledar ka duba inda aka rubuta ingrédients, wato jerin kayan haɗin. Abin da ya fi yawa shi ake fara rubutawa. In ka ga sucre ko sirop de glucose a gaba, can ƙasa kuma arôme da colorant da jerin E mai lamba, ka san inda ka dosa.

Maman Nafisa: Rabin iyayen ba su karanta Faransanci fa, Anti.

Ungozoma: Sai su duba tsawon rubutun kawai, da harshen yaro bayan ya sha. In ya koma ja ko shuɗi, ai ba mangwaro ne ya rina shi ba. A Amurka, a wani bincike da aka fitar a 2019, an ajiye manya 20, mako biyu suna cin irin wanga abinci, mako biyu suna cin wanda injin bai sarrafa ba, kowa ya ci iya cinsa. A makonnin kayan leda sun riƙa ƙara cin wajen kalori 500 a yini ba su ankara ba, suka ƙara kusan kilo guda. A wurinmu abin da na fi gani daban ne: yaro ya cika ciki da biskit da hantsi, a kawo tuwo ya kau da kai, uwa ta zo tana neman maganin cin abinci. Wanda bai kai shekara biyu ba kam kar a ba shi lemun zaƙi sam. Wata shida na farko nonon uwa kaɗai.

Hajiya Inna: Ku yaran yanzu kuna ta karatu, alhali matsalar dala goman nan ce da ake damƙa wa yaro da safe. Mai tebur na bakin ƙofar lakwal, me kuke so ya saya? Jikokina gujiya soyayya nake ƙulla musu da dabino uku, wani lokaci ƙosai ko dafaffen ƙwai. Ran kasuwa in sayo goriba da magarya. Zoɓo ni ke dafawa, ni ke sa sukarin da hannuna.

Baban Sadiƙu: Hajiya Allah ya ƙara lafiya, amma ƙwai ya yi tsada, biskit kuwa dala biyar.

Hajiya Inna: Kunun gero da garin ƙuli-ƙuli nawa ne, ɗana? Wake da mai fa? Kuma ku rage dunƙulen miya, kusan rabinsa gishiri ne. Daudawa da albasar Galmi ba su ƙare a kasuwa ba.

Malama Hajo: Abu guda Maman Nafisa: kar ki ce a hana gaba ɗaya, ba mai bin ki. Ki ce ran suna ko sallah ba laifi, na kullum ne ake gudu. Kuma kar a mai da alewa ladan yin shiru.

Ungozoma: Ki tuna musu abincin leda na masu tamowa da ake bayarwa a likita magani ne, kar wata ta ji wa'azinki ta daina ba ɗanta.

Maman Nafisa: Na gode ƙwarai. Malama, ki ara mini farantinki, kuma da za ki zo da masu teburin nan biyu su ji da kunnensu, da na ji daɗi.

Malama Hajo: Ɗaya ƙawata ce, zan taho da ita. Ƙarfe nawa?

Maman Nafisa: Tara na safe, in Allah ya so.