Muhawara: Martin Offiah namu ne ko nasu?

Baban Ilham: Salamu alaikum 'yan majalisa. Yau da ɓacin rai na shigo. Shekaranjiya na turo bidiyo a nan, ko mutum ɗaya bai ce uffan ba, amma Arsenal ta yi canjaras kun kwana kuna rubutu. To bari in faɗi dalilin turo shi. A wurin da nake aiki a Manchesta akwai wani dattijon Bature ɗan garin Wigan. Muna shan shayi lokacin hutu ya tambaye ni ƙasarmu, na ce Najeriya. Sai ya ajiye kofinsa ya riƙe hannuna da hannu biyu, ya ce ashe ɗan'uwan Martin Offiah ne. Wallahi ban taɓa jin sunan ba, kunya ta rufe ni. Ya buɗe waya ya nuna min wasan ƙarshe na kofin Challenge na zari-ruga na 1994 a Wembley, Wigan da Leeds. Offiah ya karɓi ƙwallo dab da layin gidansu, ya keta tsakiyar mutane, ya tsere wa mai tsaron baya, bai tsaya ba sai ɗaya ƙarshen filin. Da ya dire ta sai ya zube kan gwiwoyinsa ya dafe kai. Dattijon ya ce ranar yana cikin filin tare da mahaifinsa, yana ba ni labari idonsa ya kawo ruwa. Mutumin nan ya dire ƙwallo a bayan layi sau 501 a zari-ruga. A 1992 Wigan ta saye shi daga Widnes kan fam 440,000, kuɗin da ba a taɓa sayen ɗan wasan lig, wato nau'in zari-rugar da yake bugawa, da shi ba a duniya a lokacin. Ni dai na ce a cikin namu ba a taɓa yin ɗan wasan da ya kai shi girma a Ingila ba, kuma mun zalunce shi da ba mu san shi ba.

Ɗan Gwammaja: Wa alaikumus salam Yaya. Namu su wa?

Baban Ilham: 'Yan Najeriya mana. Uwa da uba duk 'yan Najeriya ne, 'yan ƙabilar Igbo.

Ɗan Gwammaja: A ina aka haife shi?

Baban Ilham: A Hackney, cikin Landan.

Ɗan Gwammaja: Wace riga ya sa?

Baban Ilham: Ta Birtaniya da ta Ingila.

Ɗan Gwammaja: To shi ke nan, ka amsa wa kanka. Wanda aka yanke wa cibiya a Landan, ya yi makaranta a Ingila, ya tsaya aka rera masa taken ƙasarsu, har aka ba shi lambar girma ta MBE a 1997, ta ina ya zama namu? Sai mutum ya yi suna mu ruga mu ce ɗanmu ne. Da yawon banza yake yi a titin Landan babu mai neman dangantaka da shi.

Maman Khalifa: Ƙanena, dokar ƙasa ba ta tare da kai. Sashe na 25 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ce wanda aka haifa a waje, muddin ɗaya daga cikin iyayensa ɗan Najeriya ne, to shi ma ɗan ƙasa ne ta haihuwa. 'Ya'yan yayata uku a Jidda aka haife su. Ka je ka ce musu su ba namu ba ne.

Ɗan Gwammaja: Anti, 'ya'yan yayarki ba su buga wa Saudiyya wasa ba.

Malam Sani Admin: Ina tare da Ɗan Gwammaja a nan. Ga Ademola Lookman, shi ma a Landan aka haife shi, har kofin duniya na 'yan ƙasa da shekara 20 ya ci wa Ingila a 2017, amma ya dawo ya sa kore da fari, ya zama gwarzon ɗan ƙwallon Afirka na 2024. Wannan shi ake kira namu. Wanda ya zaɓe mu.

Baban Ilham: Malam Sani, zaɓi sai da abin zaɓa. Lokacin da Offiah yake tashe babu tawagar lig ta Najeriya kwata-kwata. Wace riga kake so ya sa, wadda ba a ɗinka ba?

Na Damagaram: Ni tambayata daban ce. Wannan majalisa ta Hausawa ce, akwai mu 'yan Nijar, akwai na Gana, akwai na Kamaru. In ɗan Najeriya ya ce namu, ni ina ciki ko ba na ciki? Kullum haka kuke yi, sai ku riƙa magana kamar ku kaɗai ne a nan. Ran da Abdoul Razak Alfaga ya ciyo azurfa a tekwando a gasar Olamfik ta 2016 ban ji wani daga Kano ya ce namu ba.

Ɗan Gwammaja: Lokacin ma ba a buɗe majalisar nan ba, Malam.

Na Damagaram: To yanzu ka faɗa mana.

Alhaji Zango: Daga Kumasi nake gaishe ku. Ɗan'uwana na Damagaram ya yi gaskiya. Kuma in ana maganar wannan wasa kada a mance da mu. A 2019 an yi gasar lig a Legas, Gana ta je, Kamaru ta je, Maroko ta je.

Baban Ilham: Kuma Najeriya ce ta ɗauki kofin, Alhaji, ka ƙarasa zancen.

Alhaji Zango: A gidanku aka yi, ba abin mamaki ba ne.

Auwal Gunners: Ni fa ban gane wasan ba ma. Ba shi ne wanda Afirka ta Kudu ta ci kofin duniya ba?

Malam Habu Malamin Makaranta: A'a Auwalu, wancan yuniyon ne, mutum goma sha biyar kowane ɓangare. Na Offiah lig ne, mutum goma sha uku. A lig in aka kayar da ku sau shida ba ku yi komai ba, ƙwallo ta koma hannun abokan karawa. Dire ƙwallo a bayan layi maki huɗu ne a lig, biyar a yuniyon. Asalinsu ɗaya, a 1895 suka rabu, a wani otal a garin Huddersfield. Ƙungiyoyin arewacin Ingila 'yan wasansu leburori ne, masu haƙar kwal da ma'aikatan masaƙa. In mutum ya bar aiki ranar Asabar ya je wasa an yanke masa ladan yini, sai ƙungiyoyin suka ce bari mu biya su abin da suka rasa. Manyan kudu, waɗanda ba su san zafin rasa ladan yini ba, suka ce haram a karɓi kuɗi a kan wasa. Shi ne na arewa suka ɓalle. Sai 1995 yuniyon ta yarda a biya 'yan wasa, bayan shekara ɗari cif. Offiah kansa da yuniyon ya fara, a Rosslyn Park, daga nan kocin Widnes Doug Laughton ya gan shi ya ɗauko shi a 1987. Kakarsa ta farko ya dire sau 42 aka ba shi gwarzon shekara.

Baban Ilham: Allah ya saka da alheri Malam Habu. Kun ji ko. Wasan talakawan arewa ne ma.

Ɗan Gwammaja: Arewar Ingila, ba ta Sardauna ba. Kada ka shigo mana da wannan.

Abu Sumayya: Ku duka kun bar hanya. In ana neman namu a wannan wasa ga Sonny Bill Williams ɗan New Zealand, wanda ya musulunta. Ya ci gasar Ostareliya da Bulldogs a 2004, ya sake ci da Roosters a 2013, ya ci kofin duniya na yuniyon sau biyu. A 2015 bayan wasan ƙarshe ya cire lambar zinarensa ya rataya wa wani yaro da mai gadi ya kayar a fili. Ga kuma Hazem El Masri ɗan asalin Labanan, wanda yake buga wasa da azumi a bakinsa. 'Yan'uwantakar addini ta fi ta fasfo.

Maman Khalifa: Malam, ba wanda ya musa wannan, amma kana nufin maƙwabcina Ibo da muka yi shekara ashirin muna gaisawa a Sabon Gari ba namu ba ne?

Abu Sumayya: Ban ce haka ba Hajiya, kada ki sa min magana a baki.

Auwal Gunners: Haka ka ce mana, a fakaice.

Malam Habu Malamin Makaranta: Tunda an kawo Sonny Bill a faɗi duka. A 2008 yana da kwantiragi da Bulldogs ana tsakiyar kaka ya hau jirgi ya tafi Toulon a Faransa. Magoya bayan ƙungiyar sun daɗe ba su yafe masa ba.

Abu Sumayya: Wannan kafin ya musulunta ne. Abin da ya wuce kafin shahada ba a tono shi.

Ɗan Gwammaja: To ai Offiah ma barin Widnes ya yi ya bi kuɗin Wigan. Duk kanwar ja ce.

Baban Ilham: Sayar da shi aka yi, Widnes ta karɓi kuɗinta a hannu. Kuma ka san abin da ya yi wa Wigan? A shekarar da ya zo ya dire wa Leeds sau goma a wasa ɗaya. Sau goma, mutum ɗaya! A tarihin wasan mutum biyu kaɗai ke gabansa a yawan ci, Brian Bevan da Billy Boston. Baƙin mutum ne a filayen arewacin Ingila na shekarun 1980, 'yan kallo suna zaginsa saboda launin fatarsa, shi kuma yana amsa musu da gudu. Su da suke zaginsa ba su ɗauke shi nasu ba, mu kuma yau mun ce ba namu ba ne. To ina zai sa kansa? Yau ga gunkinsa a bakin Wembley tun 2015, yana durƙushe kamar yadda ya yi ran nan.

Abu Sumayya: Subhanallah. Gunki kake mana alfahari da shi, Baban Ilham?

Baban Ilham: Mutum-mutumi nake nufi, Malam, ba wanda yake bauta masa.

Abu Sumayya: Gunki ka rubuta, ga shi nan a sama kowa ya gani. Kuma canja masa suna ba ya canja hukunci.

Auwal Gunners: Na Thierry Henry ma yana bakin Emirates, shi ma a durƙushe, ban taɓa jin ka yi magana ba.

Abu Sumayya: Ni ba na kallon ƙwallo.

Auwal Gunners: To me kake yi a majalisar wasanni?

Na Damagaram: Auwalu ka girmama na gaba da kai. Malam ya haife ka.

Auwal Gunners: Ban zage shi ba Baba, tambaya na yi. Kuma tunda ana rabon namu da nasu, Bukayo Saka fa? Iyayensa Yarbawa, a Landan aka haife shi, Ingila yake buga wa. Malam Sani, ran da ya ci Man United kai ka rubuta a nan cewa yaronmu ya gama da su.

Malam Sani Admin: Yaronmu na Arsenal nake nufi.

Maman Khalifa: Ashe riga ja tana mai da mutum namu, jinin uwa da uba ba ya yi.

Ɗan Gwammaja: Anti ki bar zancen Arsenal, shekara nawa kuka yi ku 'yan Man United ba ku ga kofin Firimiya ba? Tun 2013.

Maman Khalifa: Ku da kuka shafe sama da shekara ashirin kuna jira tun 2004 ba ku da bakin yi mana gori.

Alhaji Zango: Jama'a, bawan Allah nan ya kawo kukansa kan ɗan zari-ruga, kun mai da shi Arsenal da Man United.

Baban Ilham: Alhaji ka bar su. Abin da na faɗa tun farko ke nan. Ko mutum ɗaya bai buɗe bidiyon ba har yanzu, ina gani a wayata.

Malam Sani Admin: To jama'a, dare ya yi, bari in tattara kafin in rufe. Majalisa ta saurari kowa. Abin da ya fito fili shi ne mafi yawanmu sun yarda Martin Offiah ɗan wasan Ingila ne, can aka haife shi, can ya yi wasa, su suka karrama shi. Ba wanda ya kawo hujjar da ta nuna namu ne. Misalin Lookman da na kawo ba a iya ture shi ba. Malam Habu ya ilimantar da mu kan bambancin wasannin biyu, mun gode. Maganar Saka ba ta shafi wannan batu ba, an shigo da ita ne don a karkatar da zance. Batun gunki mun bar wa malamai. Ina roƙon Baban Ilham ya riƙa zaɓen kalma kafin ya turo, don kalma ɗaya ce ta jawo duk wannan.

Maman Khalifa: Malam Sani, sashe na 25 fa? Na kawo shi tun farko, ban ga ka ambace shi ba. Kuma na ƙirga, ku biyu ne kawai kuka ce ba namu ba ne, kai da Ɗan Gwammaja.

Na Damagaram: Ni ma tambayata ba a amsa ba.

Baban Ilham: Na sake turo bidiyon, ga shi nan a ƙasa, minti ɗaya ne da 'yan daƙiƙu. Gobe da safe zan haɗu da dattijon nan a wurin aiki, kuma na san zai tambaye ni abin da mutanenmu suka ce.