Zoɓo mai gas yana fita da kumfa zalla daga tankin ƙarfe

Salisu, Maradi: Assalamu alaikum. Ina haɗa zoɓo da citta a gida, in zuba shi cikin tankin ƙarfe mai cin lita 19 da na sayo a Kano, sannan in ɗura masa iskar CO2, wato gas ɗin da ke sa lemon kwalba kumfa, daga kwalbar gas har ma'aunin matsi ya nuna bar 2. A lokacin hunturu ban ga wata matsala ba, amma tun shigowar bazara, duk kofin da na tara rabinsa kumfa ne, abin da ya kwanta kuwa salam yake, babu gas. Na rage matsin zuwa bar 1, abin sai ƙaruwa ya yi. Tiyon da ke zuwa famfo mita ɗaya ne.

Malam Issa: Wa alaikumus salam, Malam Salisu. Rage matsin nan shi ya ƙara ɓata lamarin, domin ruwan ya riga ya sha gas a kan bar 2, kuma da zarar abin da ke danne shi ya yi ƙasa, gas ɗin yakan fara fita tun cikin tiyo. Ka duba, za ka ga ƴan kumfa suna taruwa a cikinsa ko da famfo yana rufe. Ka mayar da matsin yadda yake, ka sauya tiyon. Mita ɗaya ya yi gajarta ƙwarai. Masu haɗa giya a gida, waɗanda matsinsu ba ya cika wuce bar 1, sukan sa mita biyu zuwa uku na tiyo mai faɗin milimita 5 a ciki. Kai da ke kan bar 2, ka fara da mita bakwai, kana yankewa kaɗan-kaɗan har zubar ta daidaita.

Hajiya Rabi: Ɗana, ni zafi nake zargi tun da ka ambaci bazara. Ruwa mai sanyi ne yake riƙe gas, saboda haka tankin yana buƙatar digiri 3 ko 4, shi ma tiyon a naɗe shi a cikin firijo. Idan wuta ta ɗauke da rana, ana zafin da ya haura digiri 40, kada ka buɗe famfo sai sanyi ya dawo sosai. Akwai kuma abin da ya fi kumfa dame ni: zoɓo mai sukari idan ya daɗe a ɗumi yakan fara tsami da kansa, ya ƙara gas, ya kuma soma rikiɗewa zuwa abin da ba shi ka yi niyyar sayarwa ba.

Malam Issa: Gaskiya ne, Hajiya. Ka kuma tace shi sau biyu da ƙyalle mai laushi, domin garin citta yana tayar da kumfa, sannan ka riƙa buɗe famfon gaba ɗaya kana karkata kofin.

Salisu: Na gode, Allah ya saka da alheri. Na leƙa tiyon yanzu, ga kumfar nan jere a ciki. Gobe zan shiga kasuwa neman mai tsawo.