Ma'aikaci ya riƙe fayil ɗin haƙƙin mahaifinmu sai an ba shi kaso, ina zan kai ƙara?

Ɗan_Kurna:
Salam 'yan uwa, dan Allah shawara nake nema. Mahaifinmu ya rasu yana aikin gwamnatin jiha, duk takardun da aka nema don a biya haƙƙinsa mun kai, har ta kotu, amma fayil ɗin ya maƙale a teburin wani ma'aikaci, kullum oga baya nan, a dawo wani satin. Jiya dai ya fito fili, ya ja ni wajen da ake ajiye babura yace sai an ware kashi goma cikin ɗari in ana so fayil ya tashi, wai ba shi kaɗai bane akwai na sama. Wallahi kuɗin marayu ne, ƙannena duk suna makaranta, Hajiya tace a ba shi kawai a huta amma zuciyata ta ƙi. Ina ake kai irin wannan, kuma in na kai ba zai ɓatar mana da fayil ɗin ba?

Malam_Fagge:
Allah ya jiƙan Baba. Kada ka ba shi ko sisi, a dokar ICPC, hukumar yaƙi da cin hanci ta tarayya, mai bayarwa da mai karɓa duk masu laifi ne. Tunda ma'aikacin jiha ne ka fara da Hukumar Karɓar Ƙorafe-ƙorafe da Yaƙi da Cin Hanci ta Jihar Kano, dokarta ta 2008 ce tun zamanin Malam Shekarau. ICPC ma, wadda aka kafa a 2000, tana da hurumin cin hancin ma'aikata. Ita EFCC da ke titin Hajj Camp ta fi ƙarfi a kan damfara da manyan kuɗi.

Amma kafin kaje ko'ina ka yi fotokwafin komai, ka rubuta lambar fayil, ranar da kuka miƙa, da sunan wanda ya karɓa. Ƙorafin ka rubuta shi a takarda kwafi biyu, su buga maka hatimi da kwanan wata a ɗaya ka taho da ita gida, wannan takardar ita ce kariyarka, don ma'aikacin da ya san an riga an san lambar fayil a waje zai yi wuya ya iya cewa ya ɓata.

Maman_Ikram:
Ni dai tsoro nake ji maka ɗana. Ja'afar Ja'afar da ya fitar da bidiyon dala da ake zargin Gwamna Ganduje da karɓar cin hanci a 2018, ɗan jarida ne guda sananne, a 2021 sai da ya bar ƙasar ya koma Ingila saboda tsoron rayuwarsa, to ina ga talaka. Ba nace ka biya ba, haram ne cin dukiyar maraya, amma kada ka tafi kai kaɗai, ka ɗauki kawunka ko wani dattijo daga ƙungiyar ƙwadagon da Baba yake ciki.

Baban_Sadiq_Gwale:
Hajiya maganarki gaskiya ce amma wancan gwamna ake zargi, kuma ya musanta, sannan sashe na 308 na kundin tsarin mulki ya ba gwamna rigar kariya yana kan kujera. Wannan ma'aikacin ba shi da wata riga.

Ɗan_Kurna, abu ɗaya zan ja kunnenka a kai, kada ɓacin rai yasa ka ɗora sunansa da hotonsa a Facebook, da sashe na 24 na dokar laifukan intanet ta 2015 an sha kama mutane kan rubutu, sai reshe ya juye da mujiya ka koma kai ake tuhuma. Hujja ka tara. In ya turo maka lambar akawun ko saƙo a WhatsApp kada ka goge, kada kuma ka nuna masa ka fusata, ka ce masa kana haɗa kuɗin, sannan ka kai wa hukumar su faɗa maka yadda za a yi, wani lokacin da saninsu ake miƙa kuɗin a kama mutum dumu-dumu. Kuma abin da ya faru kawai zaka rubuta, banda ƙari, don ƙorafin ƙarya ma akwai hukuncinsa.

Ɗan_Kurna:
Na gode Allah ya saka. Lambar akawun ɗin ya turo min tun daren jiya, tana wayata. Zan yi wa Kawu magana yau bayan isha'i, Litinin da safe in sha Allah mu tafi tare. Malam_Fagge, takardar da Hausa zan iya rubutawa ko dole sai da Turanci?