Yawon tsofaffin garuruwa da duwatsu bisa mashin: wa ya taɓa yi, ina kunka je?

Ɗan Kalambaina:
Salamu alaikum jama'a. Ni da abokaina muna son mu ɗan hita gari bisa mashin tunda sanyi ya shigo rana ta yi sauƙi, to amma ban da Hubbaren Shehu da gidan tarihi na Waziri Junaidu ba inda munka sani wallahi, abin kunya ɗan Sakkwato guda. Muna son wurin da ke da tsauni ko dutse a hau a ga ƙasa, da kuma tsofaffin garuruwa irin na zamanin jihadi. Wanda ya taɓa zuwa da kansa shi muke son ji, ba wanda ya ji an ce ba. Boxer ce gare mu duka sai mutum ɗaya mai roba-roba.

Mai Boxer Ja:
Wa alaikumus salam. Ku hwara da Wurno, kusa ne, ku tashi bayan asuba ku bi ta Achida kamin rana ta ɗaga kun isa. Garin bisa tudu yake, in ka hau ta wajen tsohon gari ka juyo sai ka ga fadama shimfiɗe ƙasanka kore shar, albasa da tafarnuwa da shinkafa, mutane ƙanana ƙanana can cikin gonaki. A nan za ka gane abin da ya sa Sarkin Musulmi Bello ya mai da wurin ribaɗi, wato sansanin tsaron iyaka, don duk wanda ya taso ta wannan kwarin sai an hango shi tun daga nesa. Nan ya rasu 1837 kuma nan kabarinshi yake, ba Sakkwato ba, da yawa yaranmu ba su san haka ba. Ku aje mashin nesa kaɗan da hubbaren ku tuɓe takalmi, ku yi sallama ga dattawan da ke zaune bakin ƙofa, kada wani ya zaro waya ya kama ɗaukar bidiyo bai tambaya ba. Mai roba-roba kuma shi yi hankali da gangaren, akwai tsakuwa, burkin gaba kawai in ya danne sai ƙasa.

Malamin Firamare:
Ɗan Kalambaina in tarihi kuke so ku je Degel. Hanyar Illela za ku bi, ku wuce Kware, wajen Chimmola cikin ƙasar Gwadabawa. Kar ku tafi da tunanin za ku ga manyan gine-gine, ƙauye ne shiru, kaburbura da filin da aka ce nan Shehu yake karantarwa, sai itatuwa. Amma daga nan ne aka yi hijira zuwa Gudu a watan Fabrairun 1804, nan kuma aka haifi Nana Asma'u. Ni abin da ya tsaya mini a rai wani tsoho ne da ya zagaya da mu, ƙafarshi ba takalmi, yana nuna wuri da sandarshi yana cewa nan gidan wane, nan rijiya, kamar jiya ya rabu da su. Mun ba shi ɗan na goro ya ƙi karɓa sai da muka ce sadaka ce ya yi mana addu'a. Ku yi guzurin ruwa, kuma rairayin da ke bayan an sauka kwalta yana cin taya, ku ɗan rage iska ku saka giya ta biyu ku bar mashin ya tafi da kanshi, in ka ce za ka yi ta murɗa kai kana kokawa da shi zai zubar da kai.

Bakabe:
Duk kun bar babba. SURAME. Birnin Kanta sarkin Kabi ne cikin ƙasar Binji, tun ƙarni na 16, wato shekaru ɗaruruwa kamin a san za a yi Sakkwato ma, kuma ganuwarshi ba ta laka ba ce irin ta sauran birane, dutse ne aka jera bisa dutse har yau wasu wurare sun fi tsayin mutum. Munka isa wajen hantsi, daji ya cinye cikin birnin, kuka da ƙaya ko'ina, kana tafiya sai ka ga bango ya taso gabanka ya yi kwana ya ɓace cikin itace. Na sa hannu cikin tsakanin duwatsun na ɓanɓaro ɗan abin da anka haɗa su da shi, tauri gare shi har yanzu. Wanda ya raka mu yac ce wai mutanen Nupe sun makara zuwa aikin gayyar da Kanta ya kira, shi ne anka ce su kwaɓa nasu ɓangaren da man kaɗe maimakon ruwa, haka dai kakanni suke faɗi. Tun 1964 gwamnati ta sa wurin cikin kayan tarihi na ƙasa amma in ka je ba za ka ce akwai mai kula ba. Kada ku shiga ku kaɗai, ku nemi mai gari ya haɗa ku da ɗan rakiya, wurin yana da faɗi kuma akwai macizai cikin duwatsun.

Bakatsinen Sokoto:
Bakabe to in birnin ya kai yadda kake kurarawa mi ya sa kakanninka suka tattara suka gudu Birnin Kebbi suka bar wa birai 😂 Wasa nake bawana. Na je ni ma, gaskiya wuri ne. Sai dai ƙaya, tayata ta baya sau nawa tana sacewa, kuma babu mai faci sai ka fito gari. Ku sayi tiyub sabo da famfon hannu da gam ku ɗaure bayan sit, kuma a duba kaca da fulogi da baƙin mai tun a gida.

Hajiyar Mabera:
Ƙannena ni ba mai tuƙi ba ce, maigidana ne ya ɗauke ni muka je ziyara Gwandu hubbaren Malam Abdullahi ƙanen Shehu, muka biya Sifawa wajen Bodinga inda Shehu ya zauna kamin ya dawo Sakkwato 1815. Gwandu tsakanin tuddai take, da yamma jan dutsen nan yana kyau ƙwarai, ga garin ba hayaniya tunda sarkin ma Birnin Kebbi yake zama. Amma don Allah wa ya yi maganar tsaro a cikinku? Kuna ta lissafin fulogi. Uwayenku sun san za ku?

Tsohon Ɗan Kabu-kabu:
Hajiya Allah shi saka da alheri, abin da nike jira a taɓo kenan. Yara ku saurara. Ni na yi shekaru ina bin hanyoyin nan, Alkalawa na je tun ana zaman lahiya, tsohon birnin Gobir da anka ci 1808, can wajen Sabon Birni, ba abin da ya rage sai tudun ganuwa da kaburburan sarakuna amma jikinka zai ba ka an yi mulki a wurin. Yau ko kuɗi anka ba ni ba ni zuwa bisa mashin. Haka Gudu da Tabkin Kwatto. Haka dutsen Kwatarkwashi gaba da Gusau, wanda in dutse kuke so duk yankin nan babu kamarshi, na taɓa hawa tun ina da gwiwa, yanzu sai dai labari. Kai ko Wurno da Binji da ake ta zuga ku, labarin wata uku da sunka wuce ba shi ne na yau ba. Ku je tasha ku tambayi direbobin da ke bin hanyar kullum, su ne ke da labarin safiyar ranar. Sannan ku sani samari biyar shidda bisa Boxer a jere cikin daji, ga rawani an rufe fuska saboda ƙura, mutanen ƙauye ba masu yawon buɗe ido za su ɗauke ku ba, jami'an tsaro ma haka. Ku buɗe fuska in kun doshi gari, ku rage gudu, in an ce a sauka a tura a shinge ku sauka ku tura ba gardama, katin shaida da takardun mashin cikin aljihu, kuma kar ku ɗauki mai cikin jarka, ku cika tanki a gari. La'asar ta yi muku a hanyar gida.

Mai Boxer Ja:
Baba ya gama magana. In kuna son hankali kwance ku yi Argungu ta Bodinga, kwalta ce, ku ga gidan tarihin Kanta da kogin Matan Fada inda ake bikin kamun kifi, ku ci soyayyen kifi ku juyo. Ba tsauni dai.

Ɗan Kalambaina:
Mun gode Baba, mun gode Hajiya, tsohuwa ta sani amma ta ce sai ta ji inda za mu tukuna. Mun tsai da Sifawa da Gwandu wannan karon, Surame sai mun samu ɗan gari da zai tsaya muna. Mai roba-roba an ce shi hau bayan wani ya ƙi, wai tashi ba ta shan mai. Bakabe in kana da wanda ka sani a Binji ka yi min magana ta gefe.