Kurakuran da alƙalan besbol na ƙananan gasa suka gada

Ga abin da ya fito daga tattaunawar wasu tsofaffin alƙalan besbol a Amurka kan dokokin da sababbi ke riƙewa a baibai.

An fi daɗewa kan maganar nan cewa hannun mai bugu ɓangare ne na sandar da yake buga ƙwallo da ita. Babu ita a doka. In ƙwallo ta sami hannun mai bugu yana ƙoƙarin kaucewa, a ba shi tasha ta farko, wato wurin farko da mai bugu ke gudu ya kai. In ya kai bugu ne, an ƙirga masa kuskuren bugu ɗaya (strike), kuma wasa ya tsaya, ba wanda zai gudu. Iyaye za su yi ta ihu daga gefe, amma hukuncin ke nan.

Farantin gida, inda mai bugu ke tsayawa, cikin fili yake, don haka ƙwallon da ta buge shi ba ta fita daga wasa ba. Wanda ya zarce tashar farko ya juya hagu ba a fitar da shi daga wasa ba, sai in ya yi yunƙurin nufar ta biyu aka taɓa shi da ƙwallo.

Wani daga cikin alƙalan ya ja kunne cewa dokokin Little League (gasar yara), na sakandare da na MLB (babbar gasar ƙwararru) suna da bambanci, a duba wanda gasar ke bi kafin a shiga fili.