Jirgi na uku na tafe: mu sayi manhaja ko mu ci gaba da Excel?

Mai Tsara Gyara: Assalamu alaikum. Ina aiki a ofishin tsara gyara na wani ƙaramin kamfanin haya mai jiragen sama biyu, kuma har yanzu a Excel nake lissafa awannin tashi, da adadin tashi da sauka, da kwanakin da suka rage kafin kowane binciken dole. Wata mai zuwa za a kawo mana jirgi na uku, shugabanmu kuma ya ba ni mako ɗaya in faɗa masa ko mu sayi manhajar da ke yin wannan lissafi. Wanda ya taɓa yin wannan sauyi ya taimaka mini.

Injiniyan Ikeja: Wa alaikumus salam. Ku kai jiragenku Adis Ababa binciken C, wato babban binciken da ake yi wa jirgi lokaci-lokaci, aikinsu yana da kyau.

Tsohon Ma'aikaci: Ƙanena, Excel ce ta raba ni da aikina. Jirginmu yana gajerun tafiye-tafiye, ya sauka sau shida a yini, amma wani ya goge lissafin layi ɗaya a Excel, sai awanni suka ci gaba da ƙaruwa alhali adadin sauka na ƙafafun jirgin ya tsaya cik. Wata huɗu babu wanda ya lura, har ranar da mai binciken NCAA, hukumar kula da sufurin jiragen sama ta Najeriya, ya kwatanta littafin jirgi da takardarmu. Aka ajiye jirgin a rumfa, aka soke haya, ni da na sa hannu aka sallame ni, wanda ya goge layin kuwa yana nan. Ku tuna jirgin kamfanin Aloha na Amurka na 1988, wanda rufinsa ya yage a sama: ya haura tashi da sauka 89,000 alhali awanninsa wajen 35,000 ne kawai, wato ƙirga awanni kaɗai ba ya wadatarwa.

Hajiya Mai Ajiyar Bayanai: Allah ya musanya maka, Baba. Mu dai kuɗin manhaja dala dubu goma sha biyu aka nema a shekara kan kowane jirgi.

Injiniyan Ikeja: Hajiya, an cuce ku. Mu ba mu biya rabin haka ba.

Hajiya Mai Ajiyar Bayanai: Injiniya, kai spana kake riƙewa, ni kuwa nake ganin takardar biya. Kuma manhaja ba ta hana sakaci, domin Southwest ba ƙaramin kamfanin jiragen sama ba ne, amma a 2008 FAA, hukumar kula da sufurin jiragen sama ta Amurka, ta nemi cin sa tarar dala miliyan 10.2 saboda ya ci gaba da tashi da jirage 46 da ba a yi wa binciken tsagewar jiki ba.

Injiniyan Ikeja: Lasisina ne yake sakin jirgi ya tashi bayan gyara, ba takardar biya ba.

Ɗan Zariya: A yi haƙuri, kada a karya spanar, a dala ake sayen ta!

Tsohon Ma'aikaci: Gaskiya ya faɗa. Ko manhaja ta sanar da kai saura awa hamsin, ina amfaninta idan kayan gyaran sun yi mako uku a kwastan, ko banki bai saki dala ba?

Mai Tsara Gyara: Na gode, amma saura kwana huɗu. Hajiya, kuɗin nan ya haɗa da shigar da tsofaffin bayanai?