Wadda ta yi shiru, ta yi ƙarya?

Maman Rifkatu: Salama, jama'a. Wata 'yarmu a nan Garwa ta Kamaru za ta yi aure bayan Kirsimeti. Tana da ɗa mai shekara 7 a wani ƙauye wajen Figil, uwarta ke riƙonsa, kowa ƙaninta yake ce masa. Saurayin bai tambaya ba, ita ma ba ta faɗa ba. Ni dai na ce ta ja bakinta. Shiru ba ƙarya ba ne, rufin asiri ne. Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba.

Bulus Tela: Mama, a gafarce ni, ban yarda ba. Ran da ya je gaida surukai, yaron ya kawo masa ruwa a kwano, wa za a ce masa ne? Ku duba Ayyukan Manzanni sura 5. Ba a rubuta cewa Hananiya ya buɗe baki ba, ajiye rabon kuɗin gonar kawai ya yi a gaban manzanni kamar shi ke nan duka. Amma Bitrus ya ce ya yi wa Ruhu Mai Tsarki ƙarya.

Ladi: To Rahab fa, da ta ɓoye 'yan leƙen asiri a kan soro ta ce sun tafi? Ungozomomin Ibraniyawa a Masar ma sun juya wa Fir'auna magana, Allah ya sa musu albarka. Kuma tsakani da Allah, Yaya Bulus, da namiji ne ke da ɗa a waje, da ko zancen ba za a yi ba.

Bulus Tela: Wannan na ƙarshen kam kin kama ni.

Baba Dattijo: 'Yata Ladi, su Rahab rai suka ceta daga takobi. A nan wa ake ceta daga wa? Labarin da ya dace da mu na Laban ne, Farawa 29. Yakubu ya yi bautar shekara 7 don Rahila, gari ya waye ya ga Lai'atu. Laban ya aurar da 'yarsa, amma ita ce ta ƙare tana roƙon miji ya so ta. Sannan ku tuna takardar haihuwa. Yaron nan zai zauna jarrabawar CEP ta gama firamare, a nemi takarda, sunan uwa na jiki. Saurayin ya ji daga bakinta yanzu ko ya karanta a takarda bayan sun haifi biyu, wanne ya fi?

Maman Rifkatu: Baba, ba ku san bakin mata ba. Na ga wadda ta faɗi gaskiya, aka zo da amalanke aka kwashe akwatunan aure ana kallo. Ran Lahadi ta zauna bencin baya ita kaɗai, har ta daina zuwa sujada.

Baba Dattijo: Wannan laifinmu ne, mu da muka bar ta a bencin. Ban ce ta tsaya gaban ikilisiya ba. Mutum ɗaya ke da hakkin sani, wanda zai ɗauki alkawari. Ta faɗa masa kafin a liƙa sunayensu a ofishin magajin gari, tun da wata guda sanarwar ke yi a bango.

Ladi: In ya gudu fa?

Baba Dattijo: Zai iya gudu, ba zan ruɗe ki ba.

Maman Rifkatu: Har yanzu raina bai kwanta ba. Amma zan kawo ta gidanku ran Asabar, Baba. Shi ma a kira shi, a tambaye shi abin da ya bari a Marwa.